Atamfa Mai Makulli

Ba zan taɓa mantawa da ranar ɗauko amaryar ƙanena Nasiru ba, kuma ko na so in manta, mutanen Argungu ba za su bar ni ba. Amma kafin ku yi mini dariya ku tsaya ku ji abin da ya kai ni, don wallahi har yau in na tuna, raina ne yake fara ɓaci kafin kunya ta biyo baya.

Ina da ɗan shagon atamfa da leshi a Gesse, nan Birnin Kebbi. Shekarun nan sata ta addabe mu, kuma ba ta fasa shago nake nufi ba. Da rana tsaka, kina zaune, mace za ta shigo da sallamarta da hijabinta har ƙasa, ta ce sauko da wannan, sauko da wancan, ta taya, ta ce ya yi tsada, har ta yi miki addu'ar Allah ya kawo kasuwa ta fita. Sai kin zo gyara kaya ki ga gurbi. Mai turare na kuka, mai kayan jarirai na kuka, mai sayar da madara da sukari kuwa sai da ya koma miƙo wa mutane kaya ta taga.

Ni abin da ya fi ƙona mini rai wata koriyar atamfa ce mai zanen makulli ruwan gwal. Dilan da nake sarin kaya wurinsa a Kano ya ba ni turmi biyu, ya dafa ƙirji ya ce, "Hajiya, sabuwar fitowa ce, duk jihar Kebbi ke kaɗai na ba." (Ban tsaya na tambayi kaina ko shi kaɗai ne dila a Kano ba.) Na ƙudura a raina ɗaya zan sayar, ɗaya in ɗinka in kece raini ranar bikin Nasiru. Ko sati ba su yi a shago ba wata 'yar albarka ta haɗa duka biyun ta zura cikin hijabi. Kyamarar da na sa ta nuna ta sarai, doguwa ce, amma ta rufe fuska da takunkumi, ido kawai ake gani.

Na ɗauki wayata ina huci na nufi ofishin 'yan sanda. Na tarar da wani kofur yana ɓarar gyaɗa, na nuna masa hoton. Ya duba ya ce, "Kin san ta?" Na ce da na san ta, nan zan zo? Ya ce, "Kin san gidansu?" Na ce a'a. Ya hura ɓawon gyaɗa ya ce, "To Hajiya, wa za mu kama? Hijabi?" Na ce ku zo dai ku ga shagon, ku tambayi maƙwabta, ku zaga layin ko sau ɗaya ɓarayin su san da hukuma a gari. Ya ce motar ba mai. Daga ƙarshe ya ba ni lambarsa, ya ce, "In kin gan ta ki riƙe ta gam, ki kira ni."

Ku ji fa! Ni ce mai shago, ni aka yi wa sata, ni zan yi bincike, ni zan yi kamu, shi nasa ya zo ya tarar da tuwo a kwano. Ana karɓar haraji wurina, ina biyan mai gadi, ina biyan 'yan shara, amma ranar da na buƙaci hukuma sai aka ce mota ba mai. Na fito ina faɗa ni kaɗai a titi har mai Keke yana waiwayena. Ina isa shago na tura hoton atamfar a gurup ɗinmu na 'yan kasuwar layin, na bi shi da murya: "Duk wadda kunka gani da wagga atamfa ku riƙe ta, ni na ɗauki alhakin!" Hajiya Balki mai turare, wadda ita ma an kwashe ta ya fi a ƙirga, ta amsa da cewa ko a makabarta ta gan ta sai ta cafke ta.

To, Nasiru ni na riƙe shi tun rasuwar mahaifiyarmu, don haka a wurinsa ni ce yaya ni ce uwa. Ya daɗe yana neman Rukayya, 'yar wani gidan manoman shinkafa a Argungu, ya sha wuya kafin a ba shi. Gwaggonta, Gwaggo Tumba, ita ta raine ta, kuma ba ta so yarinyar ta bar garin ba. Da ƙyar da roƙon manya ta amince. Ni ban taɓa ganin wannan Gwaggo ba, don ranar kai lefe zazzaɓi ya kwantar da ni. Abin da Nasiru ya roƙe ni kawai kafin mu kama hanya shi ne, "Yaya, don Allah ki yi haƙuri da duk abin da kinka gani, Gwaggo Tumba ba ta son hayaniya." Na ce haba, ni yarinya ce?

Mun isa Argungu bayan la'asar, mu matan dangin ango, Inna Hajo ƙanwar mahaifiyarmu tana gaba. Muka tarar da tsakar gidan ba mutane sosai, sai tsofaffi da yara, don amarya da sauran mata suna maƙwabta inda ake shirya ta. Muna cikin sallama sai ga wata doguwar dattijuwa ta fito da ƙwaryar fura tana cewa, "Maraba da baƙi, maraba da mutanen Birni." Riga, zane, ɗankwali, duk koriyar atamfa mai makulli ruwan gwal.

Jama'a, kaina ya yi dum. Inna Hajo ta durƙusa tana gaisuwa, ni ko kalma ɗaya ban ji ba, makullai kawai nake gani. Na matsa kusa na ce, "Baba, wagga atamfa ina kinka same ta?"

Ta yi murmushi, ta shafa zanen ta ce, "Ta yi kyau ko? Allah yab ba mu, ɗiyata."

Allah ya ba ku! Amsar da kowace mai kunya take bayarwa in an yaba kayanta ke nan, ni ma na sha faɗinta, amma ranar sai na ji ta kamar an watsa mini barkono. Na ce, "A shagona Allah yab ba ku?" Inna Hajo ta mintsine ni a cinya, na ture hannunta. Na cafki bakin zanen matar nan na nannaɗe a hannu, ƙwaryar fura ta suɓuce ta tarwatse. Sannan na faɗi kalmar, da ƙarfi, yadda har na ƙofar gida sai da suka ji: "Ɓarauniya!"

Inna Hajo ta ɗora hannu a ka ta ce, "Innalillahi! Ke, Gwaggo Tumba ce!" Kuna tsammanin na saki? Ina! Cewa na yi ko wace ce, hukuma ce ta ce in riƙe gam. Da ɗayan hannun na kira kofur, na sa muryar a fili don kowa ya shaida.

"Oga, na riƙe ta!"

"Wa?"

"Ɓarauniyar atamfa!"

"Kuna ina?"

"Argungu."

"A'a Hajiya, Argungu ba yankinmu ba ne." Ya kashe wayarsa.

Ban gama haɗiye wannan ba sai na ji guɗa daga zaure. An kawo amarya. Ta farko da ta shigo, mai guɗar, koriyar atamfa mai makulli. Ta bayanta, makulli. Ƙawayen amarya, makulli. Yayyenta, innoninta, matan maƙwabta, har wata mai goyo da ta ɗaure jaririnta da ragowar ƙyallen. Tsakar gida ya cika maƙil da atamfar da duk jihar Kebbi ni kaɗai aka ba. Ankon dangin amarya ne. (Daga baya na ji a kasuwar Argungu suka saya, wurin wani mai rumfa da ya jibge ta har rufi.) Guɗa ta tsaya a maƙogwaron mai guɗa. Kowa ya tsaya yana kallona, ni kuma ga ni riƙe da zanen uwar biki, ƙafata cikin fura. Na yi ta roƙon ƙasa ta tsage, ta ƙi.

Wani ɗan Gwaggo da ya ji abin da aka kira uwarsa ya buga wa 'yan sandan garin. Wallahi furar nan ba ta gama shiga ƙasa ba sai ga mota a ƙofar gida, har da jiniya. Ashe akwai mai a ƙasar nan! An yi mini sata da rana tsaka an ce in je in kamo da kaina, yau na ja bakin zane ga mutum uku da bindiga sun zo tafiya da ni. Ko a cikin kunyar sai da wannan ya ba ni haushi, kuma har gobe yana ba ni.

Gwaggo Tumba ta gyara ɗaurin zanenta a hankali, ta dubi 'yan sandan ta ce, "Ba a ɗaukar baƙo daga gidana a kai ofis. Ku tahi, mun gode." Suka tafi. Na fara sauke ajiyar zuciya, sai ta juya ga matan gidan ta ce, "A mai da Rukayya ɗaki. Ɗiyata ba ta zuwa gidan da anka ce uwatta ɓarauniya ce."

Rukayya ta fashe da kuka cikin lulluɓi. Wayata ta hau ruri, na duba na ga sunan Nasiru, yana can unguwar Badariya a Birnin Kebbi ya cika gida da abokai yana jiran amaryarsa. Yaron da na goya, wanda bai taɓa roƙona komai ba sai wannan abu guda, ni da bakina na rushe masa. Na zube gaban Gwaggo, gwiwa biyu cikin fura, na ce, "Baba, ki yi mini duk hukuncin da kinka ga dama, amma kada ki hukunta Nasiru da haukata." Hawaye nake yi na gaske, ba na biki ba. Inna Hajo ta haɗa ta da Allah da Annabi, tsofaffin gidan suka sa baki. Ni kuwa har na fid da rai.

Can Gwaggo ta ce, "Mi anka sace miki?" Na ba ta labari tun daga dila har kofur. Ta girgiza kai, ta aika a ɗauko wani ɗinki na ankon da aka yi wa wata 'yar'uwarsu da ba ta samu zuwa ba. Ta miƙo mini ta ce, "Shiga ki sa. Mota guda za mu shiga, ki zauna kusa gare ni har Birni. In ta sata ce, to mu biyu munka sata."

Na sa. Rigar ta matse ni a hammata, zanen bai kai idon sawu ba, amma wa ya ga bakin ƙorafi? Tun daga Argungu har Birnin Kebbi ina maƙale jikin Gwaggo, ita kuwa tana ta jan carbi. Muka isa Badariya dab da magariba, ƙofar gida cike da mutanenmu. Na ja gyale na rufe fuska ruf don kada wani ya gane ni, na riga kowa saukowa da niyyar in sulale ciki in canja kaya.

Ko taku uku ban yi ba na ji an shaƙo ni ta baya, an nannaɗe zanena a hannu. "Na kama ta! Jama'a ku zo, ga ɓarauniyar atamfa!" Hajiya Balki ce. Ni na gayyace ta bikin, ni kuma na ce ta riƙe, na ɗauki alhakin. Ina cewa "Balki, ni ce," tana cewa "Ke ce mana, ai ke muke nema!" Sai da ta fizge gyalen muka yi ido huɗu, ga kuma sauran makullai suna ta fitowa daga motoci. Gwaggo Tumba, wadda aka ce ba ta son hayaniya, ta yi dariya har sai da ta jingina da mota, tana share hawaye tana cewa, "Riƙe ta gam, ɗiyata, kada ki saki! A kira 'yan sanda!"

Amarya dai ta tare, yanzu har sun yi mini takwara. Ɓarauniyata kuwa har yau tana yawonta, layinmu ana ta kwasa, motar kuma ba ta samu mai ba. Dangin Rukayya kaf Anti Sufeto suke kirana, Gwaggo in ta shigo Birni ta biyo shagona, tun daga bakin ƙofa take ɗaga hannuwa sama tana cewa in shaida ba ta ɗauki komai ba. Abin da na koya shi ne, in dila ya ce ke kaɗai ya ba, ki tambaye shi ke ce ta nawa. In ɗan sanda ya ce ki riƙe gam, ki tuna shi ba ya cikin hoton biki. Ni ina ciki, a tsakiya ma, da rigar da ta matse ni. Na ci burin sa atamfa mai makulli ranar bikin Nasiru, kuma Allah ya ba ni.