Yadda Za Ki Mallaki Ɗigon Esin Mai Aski

Ke 'yar tantabara, rufe bakin nan ki daina haki, kina ba mu kunya. Ni gwaggonki na ga bazarar da kwalta ta riƙa cire wa mutane takalmi, kuma ga ni da raina. Ki bi matakan nan, na yi miki alkawari ke da ƙwayayenki za ku ga damina.

Mataki na ɗaya: San inda ruwa yake

Manta da kogi, wannan labarin kakanni ne. A bayan shagon mai aski akwai wani tiyo da ya fito daga esi, na'urar nan da ke sanyaya musu ɗaki. Yana ɗiga ɗis, ɗis, a jikin bango. Duk layin nan ba mu da wani ruwa sai shi. Ranar da ya tsaya, mun kaɗe.

Mataki na biyu: Kada ki yi sheƙa a kan akwatin

Esi munafuki ne, sanyi a ciki, wuta a waje. Matar ƙanena ta ji mutane suna cewa "injin sanyi", sai ta je ta saka ƙwai a kan akwatinsa na waje. Ba ta ƙyanƙyashe komai ba, amma mage ta samu dafaffen karin kumallo. Har yau in an tayar da zancen sai ta ce sammu aka yi mata.

Mataki na uku: In an ɗauke wuta, ki suma

Babu wuta, babu ɗigo. To, ki sauka daidai ƙofar shago, ki baje fukafukai, ki buɗe baki, ki juya ido. Kada ki wuce gona... a'a, kada ki cika wasan, wata ta taɓa yin suman da ya kai ta kwandon shara. Mai aski zai bar kan mutum rabi a aske, ya fito da ruwa a ɗan kwanon da yake jiƙa burushi, yana cewa, "Wayyo, bayin Allah." Shi a ganinsa tausayi ne. Haraji ne muke karɓa. Ruwan yana warin sabulu, amma ki sha ki yi shiru.

Mataki na huɗu: Ki tsorata mai gyara

Nan ne ake gane ƙwararru. Rannan mai ginin da mai aski ke haya a ciki ya zo da mai gyara, ga tsani ga filaya, yana faɗa wai ɗigon yana cinye masa bango, a cire tiyon daga nan a mai da shi kwata. Na hau wayar da ke samansu, na saita, na saki. Hular mai gyara na nufa, na samu kafaɗar mai ginin.

Mai aski ya fito da almakashi a hannu.

"Ranka ya daɗe, a bar tiyon nan. Ni zan riƙa yi wa bangon fenti."

"Saboda me? Saboda waɗannan ƙazaman?"

"Su ma zafin suke ji."

"To wallahi in bangon ya tsage, ka kwashe kujerarka ka ba ni shagona!"

"Na yarda."

Kin gani? Tsoro! Kashi ɗaya tak, mutum ya saka shagonsa a caca. Mai gyara ya naɗe tsaninsa, tiyo na nan yana ɗiga.

Gargaɗi

In mage ta cinye ki a wurin suma, ko sabulu ya sa kika yi ta gyatsar kumfa, babu ruwana, ban ma san ki ba. Sai dai abu guda. Tawul ɗin da mai aski ke shanyawa a igiya, duk wadda na kama ta yi kashi a kansa, ni da kaina zan fige ta. Kada ki tambaye ni dalili.