Ƙyallen Satan a Bindigar Babana

Ko tsufa ya cinye mini hankali, ba na jin zan manta da yammacin ranar auren Hajo, ɗiyar Baffa Gado, a Tondibiya. Ni tela ne a gefen kasuwar Katako, amma ɗan maharbi ne, kuma wannan magana na daɗe ina cika wa abokan shago kunne da ita (duk da cewa tun da na zo Yamai ko ɓera ban taɓa kashewa ba).

Baffa ƙanen mahaifina Bawa ne, yana da garka, wato lambu, a bakin kogi. Tun rasuwar Baba, bindigarsa ta ɗuri tana wurinsa. Ranar bikin tsofaffin maharba sun zo daga gida, can Arewa. Bayan la'asar suka kafa ƙwarya a kan turke a ƙarshen garka, kowa yana gwada hannunsa. Sai Baffa ya fito da bindigar, ya miƙo mini a gaban jama'a.

"Ɗana, ga gadonka. Ka fasa ƙwaryar can, yau ka tafi da ita gida."

Na karɓa ina murmushi irin na wanda ya saba. Ya auna mini albarushi, ya ba ni dalma, sannan ya zaro wani tsumman saƙi da ya sha man kaɗe har ya yi baƙi.

"Da wannan ubanka yake ɗuri. Ka naɗe dalmar, ta shiga da ƙyar. In ta sami wurin rawa a ciki, ita za ta zaɓi hanyarta."

Na dubi tsumman, na dubi farin bazan ɗina da na ɗinka musamman don bikin. Na ce, "Baffa, bar shi, ai yadi sana'ata ce." Na lalubo ragowar yadin satan ɗin 'yan matan amarya a aljihu, ruwan hoda, yana walƙiya. Na naɗe dalmar, na tura. Ko sandar ɗuri ban danna ba ta zarce ƙasa sulul. (Wallahi a lokacin daɗi na ji, na ɗauka gwaninta ce.) Baffa ya buɗe baki, wani tsoho ya dafa shi ya ce, "Ƙyale shi, ɗan Bawa ne." Wannan shaidar ta fi komai ci mini rai har yau.

Na durƙusa, na rufe ido ɗaya, na riƙe numfashi kamar yadda na ga Baba yana yi. Mata suka fara guɗa tun ban harba ba. Na ja kunama.

Ƙarar da ta fito ba ta bindiga ba ce, ta fi kama da tarin tsoho. Hayaƙi ya tashi da warin ƙonanniyar leda. Da ya washe, ga ƙwarya nan daram. Can hannun hagu kuwa, motopom ɗin da ke jawo ruwa daga kogi ya yi shaƙuwa, ya yi shiru, mai yana tsiyaya daga cikinsa. Guɗa ta tsaya a rabi.

Injin nan Baffa da maƙwabcinsa, wani dattijo Bazabarme, suka haɗa ƙarfi suka saya, kuma rani ne tsakiyarsa. Dattijon ya je ya tsuguna, ya sa yatsa cikin ramin, ya ɗago ya ce, "Kala suru." Wato sai haƙuri. Da ma zagina ya yi.

Baffa ya karɓi bindigar, ya leƙa bakinta. Satan ɗin ya narke ya manne a ciki kamar cingam. Ya yi mini bayani a hankali, ba faɗa: auduga mai maiƙo tana toshe hanya, ƙarfin albarushi ya tattaru a bayan dalma ya kora ta kai tsaye. Nawa ƙyallen kuwa wuta tana taɓa shi ya narke, iska ta tsere ta gefe, dalma ta fita tana karo da bango. "Allah Ya taimake ka inji ne," in ji shi. "Yara suna can ɗazu."

Sai na zauna a cikin fangalin salati da farin bazan ɗin.

Kafin a samo kayan gyara, kullum da asuba ina Tondibiya da arozuwar biyu, butocin ban-ruwa, ina jido daga kogi. Duk da haka shu ɗin dattijon, wato kabeji, rabi ya ƙone, ina gani. Bai taɓa tayar da maganar ba, har shayi yake zuba mini. Bindiga kuwa maharban suka koma da ita gida, aka ba ɗan ƙanwar Baba. Ban yi gardama ba. Wani lokaci in na je gida nakan gan ta a rataye, in gaida mutane in wuce.

Yanzu in tsoho ya miƙo mini abu, komai dauɗarsa, hannu biyu nake sawa in karɓa, wanki ya biyo baya. In hirar farauta ta tashi a shago kuma, sai in taka keken ɗinki da ƙarfi, in ce ban ji ba.