Yadda Za Ka Zo Na Ƙarshe a Tseren Mota Ka Ɗora wa Inji Laifi

Ɗan'uwa, idan ka bi matakan nan sau da ƙafa, na yi maka alkawari za ka shekara uku kana zuwa na ƙarshe a tseren motocin daji ba tare da wani ya ce kai ne ba ka iya ba. An gwada, ya yi aiki. Wanda ya gwada shi ne Guguwa, direban da ya raɗa wa kansa wannan suna, ya kuma rubuta shi da jan fenti a ƙofar direba ta motar kawunsa mai gareji.

Ga wanda bai san tseren ba, motoci ake saki ɗaya bayan ɗaya a hanyar tsakuwa da ramuka, a riƙe agogo, wanda ya fi saurin isa shi ya ci. Kusa da direba akwai mai karanta masa hanya daga takarda. Ƙanwar Guguwa, Auta, mai koyar da tuƙi, ita ke yi masa wannan aiki.

Guguwa yana son motar nan kamar ransa. Matsalarsa ɗaya ce, 'yar ƙarama: tsoron gudu yake ji. Kawu kuwa ya ce haƙurinsa ya kusa ƙarewa, makullin zai karɓe.

Mataki na 1: Ka nuna jarumta tun mota tana tsaye

Ka iso da hular kwano a hammata. Ka tada mota, ka take totur har salansa ta kori kajin unguwa. Mota a tsaye ba ta kifewa, don haka nan ne filinka. Masana sun tabbatar rabin gudun mota ƙara ce. Masanan, ni ne da Guguwa.

Mataki na 2: Ka fara da inji

Da ka iso na ƙarshe, kada ka yi wa kowa magana. Ka ɗaga bonet, ka kara kunne, ka girgiza kai kamar likitan da ya makara. Guguwa ya gwanance a nan.

"Kawu, ƙarfin injin nan bai cika ba."

"Ƙarfin doki ɗari biyu ne da shi," in ji Kawu.

"To a tudu na biyu na ji kamar arba'in sun tsaya kiwo."

Kawu ya canza filogi, ya canza baƙin mai, ya yi mako biyu kansa a cikin bonet. Inji abokin rufin asiri ne, ba ya musu.

Mataki na 3: Ka koma kan giya

Ka haddace kalmomi biyu kacal. Gajeriyar giya tana fizgar mota daga kwana, amma numfashinta yana ƙarewa a miƙaƙƙiyar hanya. Doguwar giya tana gudu a miƙe, amma a tudu sai ta yi ta nishi. Daɗin abin, kowacce aka sa maka, ɗayar kake bukata. Shekarar farko Guguwa ya ce ta yi gajarta. Ta biyu ya ce ta yi tsawo. Ta uku ya ce tsaka-tsakin ma ba ta san inda ta dosa ba.

Mataki na 4: Ka san yadda za ka yi da mai karanta hanya

Ita kaɗai ke ganin ƙafarka, saboda haka ka riƙa cika ta da bayani.

"Yaya, hanya a miƙe take mita ɗari biyar. Saka giya ta huɗu."

"Akwai rami bayan bishiyar can."

"Babu shi a takarda."

"Yana nan. Bara ya gaisa da tayar hagu."

Da suka isa, ga rami kuwa. Mai tsoro ba ya manta abin da ya taɓa razana shi, kuma babu dutse ko kwana a hanyar nan da ba ta taɓa razana Guguwa ba.

"Na gani," in ji Auta. "Amma Yaya, mai keken can sau biyu ke nan yana wuce mu yana yi mana sannu."

Ka ce mata dabara ce. Idan ta tambayi wace iri, ka ce kana tuƙi.

Mataki na 5: Kada ka bari a buɗe giyabos

Nan Guguwa ya yi sake. Ya yi ta ƙorafi har Kawu ya fusata, saura mako ɗaya tsere ya sauke giyabos ya baje shi a kan tebur. Haƙoran giya ta ɗaya da ta biyu da ta uku sun suɗe. Ta huɗu da ta biyar kuwa suna ƙyalli kamar kwanukan da ba a taɓa cin abinci a ciki ba. Ya duba birki, ya tarar ya cinye har ƙarfe.

Kawu ya ajiye sifana a hankali. "Shekara uku ina yi wa mai lafiya magani. Ashe ƙafarka ce ba ta san komai ba sai birki."

Guguwa ya nemi abin ɗora wa laifi, ya dubi taya, ya dubi rufin gareji, bai samu ba. Kunya ta rufe shi, idonsa ya kawo ruwa.

"Kawu, tsoro nake ji. Da allurar gudu ta wuce sittin sai in ga kabarina."

Kawu ya miƙa hannu. Guguwa ya ɗora masa makullin, ya ji kamar haƙorinsa aka cire. Kawu ya juya ya ba Auta.

"Zan tuƙa," in ji ta, "amma sai da Yaya a gefe. Takardata ba ta san rabin ramukan da ya sani ba."

Mataki na 6: Idan an mayar da kai kujerar gefe, ka rufe ido

Ranar tsere Guguwa ya ɗaure kansa a kujera tamau, ya ajiye takardar, ya runtse ido. Da bayansa yake gane inda suke.

"Kwana hagu, mai kaifi. Dutse a dama. Rami, rami, bi ta tsakiya. Wayyo. Yanzu miƙe, babu komai sai Allah."

Auta ta sauko giya ta biyu a bakin kwana, ta bar bayan motar ya zame, ta take totur, tsakuwa ta watse. Ta saka ta uku, ta saka ta huɗu. Sai injin ya ɗauki wata murya da Guguwa bai taɓa ji ba.

"Auta, wannan wace ƙara ce? Ta lalace?"

"Giya ta biyar ce, Yaya. Ku gaisa."

Motoci ashirin da huɗu aka saki, su suka zo na uku. Kawu ya share hawaye da tsumman baƙin mai, fuskarsa ta yi baƙi ƙirin, bai damu ba. Guguwa ya fito yana dariya har da riƙe ciki, ya rungume bonet duk da zafinsa. Da jama'a suka taru ya gyara murya ya ce, "Ni dama na daɗe ina faɗa, motar nan lafiyarta lau."

Sanarwa

Ba ruwan marubuci da makullin da aka ƙwace, ko birkin da ya cinye, ko kawun da ya iya buɗe giyabos. Alkawarin shekara uku na yi, kuma ya cika. Mai ƙorafi ya je gareji ya nemi tsohon direban. Sunan da ke ƙofar direba yana nan, Auta ta hana a goge, ta ce yanzu ya sami mai shi. Shi kuma za ka same shi a tsugune a ɗaya ƙofar da gwangwanin jan fenti, yana cije leɓe, yana rubuta nasa: Yayan Guguwa.