Kowane Ido

A gidanmu mu uku ne: ni, da matata Ladidi, da ƙanena Sallau mai ɗinkin hula. Ni ake kira mai wayon gidan, kuma ban taɓa musawa ba. Sallau kuwa yadda ka faɗa masa magana haka zai ɗauke ta, ba ragi ba ƙari. Bana azumi ya zo da zafi, idanunsa suka bushe kamar an zuba yashi, zare ya gagara shiga allura, ga hulunan Sallah goma sha biyu na jiransa. Gaskiya na ji tsoro, don da idon nan yake ci.

Wata rana na ja shi asibiti. Malamar asibiti ta ba shi 'yar kwalba, ta ce, "Ɗigo biyu a kowane ido, bayan shan ruwa." Kwana uku magani ya ƙare. Na tsare shi da tambaya, sai ya ɗage wando ya nuna min idon sawunsa suna sheƙi.

"Yaya, kowane ido ta ce. Huɗu gare ni."

Wata rana kuma liman ya ce a wajen tafsiri ba baki kaɗai ke azumi ba, ido ma yana yi. Ai kuwa washegari Sallau ya jiƙa tsumma ya ɗaure fuska, ya jingine allura, wai idonsa ya ɗauki azumi. Ya yi wa turmi sallama, ya gaida akuya da "Sannu da aiki, Ladidi." Da aka kira magariba ya ɗiga wa ido sabon magani kafin ya taɓa dabino, wai shi ya fi jin ƙishirwa. Ni kuwa ina kwance ina ɗaukarsa a waya ina dariya. Dama da wayar nake cinye yinin, daga asuba har faɗuwar rana, ko ƙiftawa ba na yi.

Wata rana, bayan mako guda, muka koma asibiti. Malamar ta haska idon Sallau ta ce ya huta ya warware, ya koma ɗinkinsa. Sai ta juyo ta dube ni.

"Malam, kai ne mara lafiyar ai. Idon nan naka ya fi garwashi ja."

Kunya ta rufe ni. Da aka sha ruwa Sallau ya zauna a gabana, ya buɗe kwalba a hankali.

"Yaya, ajiye wayar. Cire takalmin ma."