Rasuwar Iya, Na'urar Ƙyanƙyasa ta Ɗakin Gwajinmu

Da zuciya cike da baƙin cikin da na rasa wanda zan raba shi da shi, ni malamin ilimin halittu na wannan makaranta, a madadin kaina da ɗalibaina na da da na yanzu, nake sanar da rasuwar na'urar ƙyanƙyasar ƙwai ta ɗakin gwaje-gwajenmu, wadda aka fi sani da Iya. Ta cika ranar Asabar da hantsi, a kan teburin da take zaune tun zuwanta, kusa da tagar nan da ba ta buɗuwa. Makaranta tana hutun tsakiyar zango, saboda haka ni kaɗai ne a kanta.

Marigayiyar ba 'yar gayu ba ce. Jikinta akwatin katako ne mai murfin gilashi, da 'yar fanka a ciki, da waya mai ba da ɗumi, da tasar ruwa a ƙasa don kada iska ta bushe. A nan na same ta lokacin da na kama aiki, gashina baƙi wuluk, kuma ko a lokacin ba yarinya ba ce. Wata ɗaliba ce ta raɗa mata suna, ranar da 'yan tsaki suka fito suna ta dube-duben uwa, ta nuna akwatin ta ce ai ga Iyarsu nan. Ɗalibar yanzu ungozoma ce, sunan kuma ya bi Iya har ƙarshen rayuwarta.

Duk wanda ya zauna da ita zai shaide ta da ƙarancin surutu da yawan aiki. Kowane zango mukan zuba mata ƙwai, kowane ɗalibi ya sa wa nasa alama da fensir. Bayan mako guda sai a yi ranar haskawa. Mu rufe tagogi da baƙin ƙyalle, in kunna tocila, kowa ya zo ya ɗora ƙwansa a bakin hasken. Sai ga jijiyoyin jini sun bazu cikin ɓawo kamar saiwa, ga wani ɗan ɗigo a tsakiya yana motsi. Ajin da in na juya baya sai ka rantse kasuwa ce, a ranar ko tari ba ka ji. Na ga ƙattin bencin baya, waɗanda ko biro ba sa zuwa da shi, sun tallafi ƙwai da hannu biyu suna takawa a hankali. Abin da nakan shekara ina faɗa da baki har maƙogwarona ya bushe, ita takan gama koyar da shi kafin a buga ƙararrawa.

Ba zan yi wa mamaciya ƙarya ba, tana da nata halin. Ba ta juya ƙwai da kanta irin na'urorin zamani. Sai mutum ya zo ya juya su da hannu safe, rana da yamma, in ba haka ba ɗan tsakon ya manne da ɓawo. Kuma ƙwai bai san Asabar ba, bai san Lahadi ba. Malamin lissafi in ya gan ni da makulli ranar hutu yakan ce a gai da amarya, ni kuma in yi dariya in wuce. Abin da bai sani ba shi ne, tun da maiɗakina ta rasu, 'yata kuma ta bi mijinta can nesa, gidana ya zama wurin da agogon bango kaɗai ke magana. A wurin Iya kuwa akwai wadda ke jirana. Nakan zo da shayina da takardun da zan duba, in zauna a gefenta, fankarta na zuuu, zuuu, can in ɗumi ya kai ta yi ƙas, ta huta, ta sake ɗauka. Da wannan hirar na ci ranakun hutu masu yawa, kuma ban taɓa jin ta gundure ni ba.

Ciwon ajalinta ya fara ne da ɗan tari. Zuuu ɗin ya koma ƙar-ƙar-ƙar, ma'aunin zafi ya riƙa hawa da sauka babu dalili. Na ɗiga mata mai, na share mata ƙura, na kira mai gyara. Ya buɗe bayanta ya daɗe yana kallo, sannan ya mayar da sukurori a hankali ya ce, “Malam, ka yi haƙuri. Irin wannan kayan an daina yin su tun ina koyon aiki.” Ta ƙara jan kwanaki a haka don ƙarfin hali. Ranar Asabar ina cikin juya ƙwai ta yi ƙas. Na tsaya da ƙwai a hannu ina jiran zuuu ɗin da ke biyo baya, bai zo ba. Na duba ko wuta aka ɗauke, sai na ga fitilar ɗakin tana ci.

Ta rasu ta bar abokin zamanta, ƙwarangwal na roba mai hannu ɗaya ɗaure da waya, da madubin ganin ƙananan halittu guda ɗaya tilo da ya rage da lafiya, da wani kwaɗo da ya daɗe cikin kwalba bai ce uffan ba. Ta bar 'ya'ya da jikoki masu yawa a gidajen tsofaffin ɗalibai, ko da yake akasarinsu an riga an cinye su. Sai kuma marayun da suka fi ba ni tausayi, wato ƙwan 'yan aji biyu, waɗanda kwana kaɗan ya rage su fito. Masu su sun tafi hutu da alkawarina cewa za su dawo su tarar da 'yan tsaki.

Na buga wa shugabar makaranta waya. Ta jajanta mini sosai, sannan ta ce, “Malam, ai yanzu akwai bidiyo, komai ana nuna shi a allo.” Daga nan na gane Iya ba za ta sami magajiya ba. Na tambayi maigadi ko kazarsa na kwanci, ya ce wallahi yawonta kawai take yi. Don haka na kwaso marayun zuwa gida cikin kwali. Na shimfiɗa musu bargo, na kewaye su da kwalaben ruwan ɗumi, na cusa ma'aunin zafi a tsakiya, ina canza ruwan duk sanda ya fara hucewa. Ni malamin fannin ne, na san ba kasafai wannan dabara ke fitar da ɗan tsako ba. Amma ban iya barinsu su yi sanyi a kan teburi ba.

Ba zan ce Allah ya jiƙanta ba, don hankalina bai gushe ba, na san na'ura ce. Ni dai Allah ya ba ni haƙuri.

Za a yi jana'izarta idan an dawo hutu. Ni da maigadi za mu ɗauke ta, ɗaya a kai ɗaya a ƙafa, mu kai ta sito na bayan ɗakin gwaji, inda karyayyun bencuna ke kwance. Ba a buƙatar jawabi. Kafin nan ana karɓar gaisuwa a gidana kowane lokaci, domin ba na iya fita in bar kwalin. Mai zuwa ya taho da ruwan zafi a filas in yana da hali, in babu ma ya zo haka nan. Da safiyar nan na kara ɗaya daga cikin ƙwan a kunnena, na ji ana ƙwanƙwasawa daga ciki. Na waiga in gaya wa wani, babu kowa a ɗakin. In har za su fito, ba na so a ce ni kaɗai na gani.