Sarkin Tekun Kankia

Duk garin da Allah ya nufa da alheri, sai ya ba shi mutum irin Alhaji Zainul Abidin. Wasu masu hali sukan haƙa wa garinsu rijiya, wanda ya ji ƙarfi ya yi burtsatse. Shi kuwa da ya tashi, teku sukutum ya kawo wa Kankia, bai kuma nemi komai ba sai dai a riƙa ambatonsa duk inda mutum biyu suka zauna.

Dillalin taki ne, kuma Allah ya rufa masa asiri. Ga gida, ga mota, ga tumbin da ke riga shi shiga masallaci. Ko sunansa ba ya yarda a gutsure. Wanda ya kuskure ya ce Alhaji Zainu, sai ya koma baya ya sake sallama. Abu ɗaya ya rasa a duniya, wato sarauta, kuma wannan rashin yana cinsa kamar gara a azara.

Wata rana ya tafi ɗaurin aure Sakkwato, aka haɗa shi kujera da wani malamin jami'a mai son bayani. Malamin ya ciro wani dutse daga jaka, da katantanwa manne a cikinsa. Ya ce a can ƙasar ake tono irinsa, domin a zamanin da babu ɗan Adam ko ɗaya, wani hannun teku ya taɓa ratso Sahara ya bi ta wajen. Ya ce irin waɗannan mashigai, buɗewarsu da toshewarsu su ne suka riƙa juya ruwan teku, suna sauya zafi da sanyin duniya. Alhaji ya ji rabin bayanin, kishi ya cinye sauran. Sakkwatawa su ga tarihi, su ga siminti, yanzu kuma har da teku? Ya dawo gida bai iya cin tuwon kirki ba.

To, a bayan tashar mota akwai wani lungu da ke ɓullewa kasuwa, filin kuma na Alhaji ne. A nan Bernice take da rumfar abinci. Mutuniyar Kalaba ce, kowa Maman Pamela yake ce mata, don tun 'yarta Pamela tana goye ta kafa tukunya a wurin, ga shi yau yarinyar har ta shiga sakandare. Ma'aikata da 'yan kasuwa mutanen kudu a nan suke kashe kewar gida, direbobinmu ma sukan raɓa su ci teba. Alhaji kam bai taɓa leƙa tukunyarta ba. Ya ce warin manja yana taɓa masa tunani.

Bayan wani ruwa mai ƙarfi, Alhaji ya zo duba katangar filinsa. Sai ya tarar ruwa ya zaizaye jujin da ke bayan rumfar, ga wasu ƙananan katantanwa birjik, baƙaƙe, masu murɗe-murɗe, ba irin na fadamarmu ba. Ya durƙusa, abin da bai yi wa kowa ba tun da ya dawo Makka. Ya cika aljihu biyu. Abin nema ya samu, matar falke ta haifi jaki.

Da la'asar ya tara jama'a a teburin Ɗalha mai shayi, ya jera kofuna biyu, ya karɓi burodin wani ba tare da ya tambaya ba.

"Ku saurara da kyau, don ba kullum ake samun irina ba. Shi teku ba kududdufi ba ne da za shi kwanta wuri guda. Hanyoyi gare shi. Ruwan ɗumi shina bi ta sama, na sanyi ta ƙasa, suna raba zafi ga ƙasashe kamar yadda mata ke ɗibar wuta gida-gida. Da can tsakanin Amurka ta Arewa da ta Kudu a buɗe yake, ruwa na wucewa abinshi. Sai ƙasa ta taso ta toshe wurin." Ya danna burodin tsakanin kofunan. "Ruwan ɗumi ya rasa hanya, ya juya arewa ya nufi ƙasar Turawa. Can ƙarshen kudu kuma ƙasa ta rabu, ruwan sanyi ya samu hanya ya kewaye wata nahiya, ta daskare har yau. Kun ga ke nan, a toshe lungu guda, duniya duka ta sauya."

Har nan dai maganar malamin jami'ar nan ce, ba ta da aibi. Daga nan ne Alhaji ya fara zuba nasa takin.

"To ta ina tekunga ya wuce? Ta nan. Mi ya sa ake ce ma garin Ƙofa Ƙofa? Ƙofar teku ce. Mawashi fa? Nan masunta ke wasa mashinsu. Kusada kau, ku faɗe ta a hankali: kusa da. Kusa da mi? Kakanninmu ba su ƙarasa ba, don abin a gabansu yake, kowa na gani."

Jama'a suka gyaɗa kai irin na wanda ake bin sa bashin takin bana. Alhaji ya zazzage hujjarsa a tebur. Wani ya lura cewa kowace katantanwa an datse mata gindi daidai wuri ɗaya. Alhaji ya ce aikin igiyar ruwa ne, lokacin da mashigar ke toshewa ruwa ya haukace. Wani ya ce ga wani ja-ja a cikinsu. Alhaji ya ce tsatsar zamani ce. Ɗalha ya shinshina ɗaya, ya yi atishawa, ya ce shi dai tarugu yake ji. Alhaji ya dube shi da tausayi, ya ce gishirin teku ne ya tsufa.

Kafin mako ya zagayo an kafa Ƙungiyar Farfaɗo da Tsohon Tekun Kankia da Kusada. Shugaba Alhaji, uban ƙungiya Alhaji, mai magana da yawunta Alhaji. Da ya ga babu mai niyyar naɗa shi, sai ya sauƙaƙa wa masarauta aiki, ya sa aka rubuta Sarkin Teku a bayan motarsa. Masu zaman majalisa suka taimaka da nasu, wasu na cewa Na-Teku, wasu Kyaftin Taki.

Ba a sarautar ruwa ba hoto a bakin ruwa, don haka ya ɗauki mai hoto suka tafi dam ɗin Kusada. Ya ɗora rigar ceto a kan babbar riga. Wani mai kwalekwale ya matso da ladabi ya ce ranka shi daɗe a shigo. Sarkin Teku ya dubi kwalekwalen yana rawa, ya dubi ruwan, ya ce shi ilminsa na tekun da ya ƙafe ne, ba ya shiga hurumin wasu. A kan tudu aka ɗauki hoton, hannunsa ɗaya riƙe da ƙofar mota.

Abin da ya ƙara masa imani shi ne tekun nasa ba ya ƙarewa. In ya kwashe katantanwa yau ya raba wa manya a cikin kwalin turare, bayan 'yan kwanaki sai ya tarar da sabbi. Ya ce ƙasa ce take amayo tarihi don ta ga mai karɓa. Abu ɗaya ke ɓata masa rai, wato rumfar abinci a bakin wuri mai daraja irin wannan.

Bernice ta ga yana yawan tsugunno a bayan rumfarta da sanda, ta fito tana goge hannu.

"Sannu da aiki, Alhaji. Wannan abin da kake tsincewa, ai ni ce nake..."

"Madam, ilmi ake yi nan. Ki koma ga tukunyarki, kuma ki fara neman inda za ki kai ta. Nan wurin tarihi ne."

Sau uku tana buɗe baki, sau uku yana rufe mata shi da Amurka ta Kudu. Ƙarshen wata ya sa aka kwance rumfar, aka toshe lungun da kwano gaba da baya. Ni dai ranar na ji haushi, ba zan ɓoye ba. Matar nan ta yi jego a unguwar, ta yi zaman makokin mutanenmu, ta san wanda ba ya cin yaji. Ta ɗora tukwanenta a kura, ta koma can bakin hanyar Kusada, inda babu inuwa sai ta turken lantarki, kuma rabin masu cin abincinta ba sa iya zuwa.

A nan fa dole a yaba wa Alhaji, domin ilminsa ya tabbata. An toshe lungu guda, duniya ta sauya. Masu sauka mota da ke ratsawa kasuwa suka koma dogon zagaye. Teburin Ɗalha, da ke bakin lungun, ya yi sanyi kamar waccan nahiyar ta kudu. Ruwan sama ma da ya saba bi ta nan ya juya, ya nufi shagon takin wani bawan Allah da ba sai an faɗi suna ba.

Sai dai tun ranar da aka kafa kwanon, tekun ya ɗauke. Alhaji ya riga ya gayyaci Mai Unguwa Gajere da dattawan garuruwan Ƙofa da Boko bikin buɗe wurin, ga shi kuma ya rabar da hujjarsa kaf. Ya sa aka yi tono. Aka samu silifa ƙafa ɗaya, da mataccen batir, da haƙoran akuya. Ruwa ya ƙare wa ɗan kada.

Ana jibi biki, wani ɗan acaɓa ya kawo labarin cewa ya ga irin katantanwar nan zube a gefen hanyar Kusada. Da wani mutum ne, da sai ya je ya duba tukuna. Amma shi babban masani ba ya bukatar gani.

"Ban faɗa maku ba? Mashigar ta sauya hanya. Kusa da, kusa da. Can za a yi bikin."

Ranar biki aka ɗunguma. Sarkin Teku a gaba da rigar ceto, katantanwarsa ta ƙarshe a cikin akwatin gilashi, maroƙi na yi masa kirarin kifin da ya fi ƙarfin koma. Mai Unguwa da dattawa suna biye. Aka tsaya daidai turken lantarki, ga kuwa katantanwa tsibi. Alhaji ya ɗaga akwatin sama, ya gyara murya.

"Jama'a, abin da kuke gani ya shekara miliyan..."

Tsuut.

Kowa ya waiwaya. Mista Kola na asibiti ne zaune a benci, ya tsamo wani baƙin abu daga miya, ya kafa baki ya tsotse, ya jefa ɓawon a kan tsibin tarihi. A gefensa Bernice ce da wuƙa da faranti, tana datse wa wasu gindi ɗaya bayan ɗaya, daidai wuri ɗaya.

Mai Unguwa Gajere dattijo ne da ba ya gaggawa. Ya dubi akwatin gilashi, ya dubi kwanon miya, ya sake duban akwatin.

"Maman Pamela, wanga abu daga ina?"

"Daga gida, Baba. Dodon koɗin bakin teku ne. Duk Laraba ake kawo mini a motar doya. In ba a yanke gindin ba, ba ya tsotsuwa."

"To, Alhaji, ashe ba ka yi ƙarya ba, daga teku suke. Sai dai tekun naka da teba ake cin shi." Ya gyara rawani. "Tunda kai ka koya muna illar toshe mashiga, a cire kwanon nan yau, teku shi koma hanyarshi."

Babu wanda ya yi dariya a gaban Alhaji, mutanenmu suna da kunya. Sai da ya shiga mota, rigar ceton ta maƙale a ƙofa, sannan aka fara.

Kafin magariba an kwance kwanon. Bernice ta koma lungunta, teburin Ɗalha ya sake ɗumi. Sarautar kuwa ta zauna daram, don yanzu har yaran da ba su san sunansa ba sun san Sarkin Teku. Ita ma Maman Pamela ba ta da riƙo, kuma ta san haƙƙin sarauta. Duk ranar Asabar takan aika masa da gaisuwarsa har ƙofar gida a tsohon bokitin fenti, ɓawo zalla, an riga an tsotse.