Rasuwar Gwaggo, A-kori-kurar Malam Mika'ilu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, amma ba tare da sunkuyar da kai ba, Asama'u Mika'ilu, a madadin mahaifinta Malam Mika'ilu Direba, tana sanar da 'yan'uwa da abokan arziki, har da masu zaman gindin bishiya, rasuwar Gwaggo, tsohuwar a-kori-kurar gidansu da ke Tsamiyar Kulu, arewa da Ɗambatta. Ta cika ranar Talata da tsakar rana a bakin kasuwar 'Yankaba ta Kano, da kwando talatin da biyu na tumatir a bayanta. Ko ɗaya bai lalace ba.

Babu wanda zai rantse a kan shekarun marigayiya, domin gara ta daɗe da cinye takardunta. Abin da aka sani shi ne ta riga Asama'u shigowa gidan da shekara huɗu, shi ya sa Baba ya hana a kira ta mota. Gwaggo ce, kuma ana gaishe ta.

Mutuniyar kirki ce, mai ɗaukar nauyin jama'a. Ta kai kayan ɗakin amare, ta kai taki gona, ta kai ragunan layya kasuwa. Masu naƙuda da yawa ta kai asibiti, biyu kuma ba su jira an isa ba, a bayanta aka yanke musu cibi. Ba ta tashi da asuba sai ta yi gyaran murya sau uku, kir-kir-kir, kir-kir-kir, kir-kir-kir, sannan ta ce tuf, kajin unguwa su watse. Ƙofar direba da igiya ake ɗaure ta. Allurar malejinta shekara goma sha ɗaya tana kwance a kan arba'in, ko ana tafiya ko ana tsaye. Allurar da ke nuna zafin inji kuwa ta riga kowa mutuwa. Saboda haka Baba ba ya tuƙi da takalmi. Tafin ƙafarsa yake ɗorawa a kan ƙarfen ƙasan mota. In ya ji ɗumi ya wuce misali, sai ya ratse gindin wata darbejiya a rabin hanya, ya ba ta ruwa, ya bar ta ta huce. Haka ya koya wa 'yarsa tun tana 'yar sakandare, a filin makaranta, ranakun da ba karatu.

Sai shekarun wuya suka zo. Shekarar da man fetur ya fi ƙarfin talaka, a cikinta ne ɓarin jikin Baba ya shanye, a cikinta ne kuma Asama'u ta dawo daga kwalejin ilimi ta Bici da takardar koyarwa, aka ce ta jira kira. Motocin birni suka daina shigowa ƙauye. Tumatir ya nuna a fadama, ya fashe, ya koma abincin ƙuda. Ranar da ta ɗauko mabuɗi daga aljihun rigar Baba, ƙanensa Kawu Usaini yana zaune a dakali.

"A'a, Malama," in ji shi, "alli ya gagara, sai sitiyari? To ku janye yaranku daga hanya."

Kwandunansa aka fara lodawa.

Rani uku Gwaggo da Asama'u suka yi suna wannan aiki. Kowa ya san halin kayan gwari: wanda ya riga isa kasuwa shi ke sayarwa da daraja, wanda rana ta taka sai ya roƙi dillali. Motar da a hannun Baba take sawu ɗaya, sai ga ta tana sawu uku. Da an hau kwalta totur ba ya ɗagowa sai Kano. Manoman da ke zaune a kan kaya kuwa ba sa gajiya da buga rufi.

"Malama, taka mana! Rana tana yi!"

Muryar da ta fi kowace tashi a nan, iyalan marigayiya sun san ta, amma zumunci ya hana a sake kiran sunan Kawu.

Jinya ta fara a rani na biyu. Ta soma shan baƙin mai kamar shayi, tana fitar da shuɗin hayaƙi, gyaran muryar asuba ya koma sau bakwai. Likitanta, Nababa makanike, ya kwanta a ƙarƙashinta ya saurara, ya fito yana kaɗa kai.

"Malama, tsohuwa ce fa. Wannan gudun ba na sa'arta ba ne. Ki dinga tsayawa a darbejiya ko na minti goma."

Tana tsayawa, in da hali.

Ranar Talata babu hali. Ruwan bazara ya ba da mamaki ya hana fita kwana biyu, tumatirin fadama duka ya taru, ya yi laushi, ba zai ƙara kwana ba. A sawu na uku, tun kafin rabin hanya, Asama'u ta ji ƙarfe ya fara cin tafin ƙafarta. Ta ga darbejiya. Ta san in ta tsaya, Gwaggo ba za ta sake tashi ba sai la'asar, kayan gida bakwai kuma sai dai a zubar a bakin titi. Ta dafa sitiyari ta ce, "Gwaggo, ki yafe ni." Ta wuce. Marigayiya ba ta yi musu ba. Ta shiga Kano tana ƙwanƙwas-ƙwanƙwas kamar ana dakan ƙarfe a cikinta, ta kai bakin kasuwa, ta ja numfashi ɗaya, fsss, ta yi shiru.

Ta rasu ta bar Baba, da Inna Luba wadda ke shanya kuɓewa a kan bonet ɗinta, da tayoyi huɗu da ba su haɗa uwa ba, da kazar da ke ƙwai a ƙarƙashin kujera, da manoma da yawa waɗanda yanzu suka gano cewa Kano da nisa.

Iyali sun samu labarin abin da ake faɗa, wai mace aka ba mota ta kashe ta. Sun kuma san ranar Juma'a ƙungiyar manoman fadama za ta zauna ta zaɓi wanda zai riƙe motar da za ta ɗauko haya, kuma Kawu Usaini ya ce kada a maimaita kuskure. Don haka ake sanar da jama'a abu biyu. Na farko, Nababa ya buɗe inji a gaban shaidu, ya ce abin da ya gani a ciki ya isa ya kwantar da ita tun bara, bai san da me take tafiya ba. Na biyu, da aka dawo da gawa, Baba ya sa Asama'u ta zauna a gabansa ta miƙo ƙafa. Ya shafa bororon ƙuna da hannunsa mai lafiya.

"Ta gaya miki?" in ji shi.

"Ta gaya mini, Baba."

"Kaya sun isa?"

"Sun isa."

"To, riƙe mabuɗin. Ni ma da ban tsaya ba."

Malam Ja'afaru liman ya tabbatar ba a yi wa ƙarfe salla, amma bai hana a yi wa masu shi addu'a ba. Za a yi zaman makoki ranar Juma'a da hantsi a ƙofar gida, inda shanun Ɗanliti suka jawo marigayiya aka ɗora ta a kan duwatsu huɗu. Injinta zai tafi wurin 'yan gwangwan, jikinta zai zauna, kaza ta ci gaba da ƙwai. Ba a buƙatar kuka mai ƙarfi, kuma ba a karɓar shawara. Duk wanda kwandonsa ya taɓa hawa bayanta, ya cire takalmi kafin ya matso.

Daga nan za a wuce taron ƙungiya. Asama'u za ta zo a makare kaɗan, saboda ƙafar ba ta gama warkewa ba. A ajiye mata wuri a gaba.